Daga ofishin kwangila zuwa jikin tarago: yadda aikin zana tambarin jirgin ƙasa yake tafiya

Aikin ya ci wata bakwai, amma zanen kansa bai wuce mako biyar ba. Sauran lokacin duk ya tafi ne a wajen takardu da jira da awo, da gyaran abin da ya yi kyau a kwamfuta amma ya ƙi yin kyau a jikin ƙarfe. Wata hukumar sufuri ce da ke shirin fara jigilar fasinjoji a jirgin ƙasa ta nemi a yi mata tambari. Na jima ina zana wa makarantu da shaguna da kamfanonin ruwan leda, saboda haka na shiga da zaton duk kanwar ja ce. Ashe da sauran aiki. Tambarin shago yana manne a wuri guda. Na jirgi kuwa yana gudu, yana shan rana da ƙura, ana wanke shi da sabulu mai ƙarfi, kuma shi ne dai za a buga a tikitin da bai kai tafin hannu ba.

Matakin farko ba shi da alaƙa da zane ko kaɗan. A ofishin kwangila an miƙo mini jerin takardu: shaidar rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun PenCom (hukumar fansho) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), wasiƙar banki, sai hotunan ayyuka uku da na taɓa yi tare da wasiƙun waɗanda na yi wa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yawancin takardun nan ranar 31 ga Disamba wa'adinsu yake ƙarewa, ko da a watan Oktoba ka karɓa. Ni a ƙarshen shekara na shigar da nawa, fayil ɗin bai kai teburin da ya kamata ba sai a Janairu, sai aka ce in sabunta. Mako shida suka tafi a nan. Bayan an ba ni takardar kwangila kuma, kuɗin kafin alƙalami bai fito ba sai da na kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda ita ma da kuɗinta. Duk wanda zai yanka farashi ya saka wannan a lissafi, ya saka harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a layinsa daban, ya kuma tuna akwai harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi ya shigo asusu. Na raba biyan gida uku: kashi 30 a farko, 40 in an amince da zane, 30 in an miƙa komai.

Zama na farko da jami'an hukumar ya ɗauki awa biyu, mutum tara a ɗaki, kowa da abin da yake so. Wani yana son hoton kan jirgi da hayaƙi, alhali jirgin ba ya hayaƙi. Wani yana son dagin Arewa, wani mikiya da dawakan tambarin ƙasa, wani kuma taswira. Ban yi gardama ba, na rubuta duka. Bayan kwana biyu na mayar musu da takarda mai shafi ɗaya ɗauke da tambayoyin da sai an amsa su kafin a ɗora fensir a takarda: wane suna ne zai fito a tambarin, cikakke ko a taƙaice, da wane harshe, layi ɗaya ne ko za a ƙara wasu nan gaba, motocin safa da za su riƙa kawo mutane tasha su ma za su ɗauki tambarin, sannan wa ke da kalmar ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ta fi sauran duka nauyi. Na nemi a rubuta muƙamin mutum ɗaya wanda sa hannunsa yake rufe magana, da cewa zagaye uku na gyara ne a cikin farashi, na huɗu da kuɗinsa. Sun ɗan ja, amma suka sa hannu. Maganar tambarin ƙasa kuwa lauyan hukumar ne ya kashe ta da kansa, domin akwai doka a kan amfani da shi, ba abin da za a yanko ɓangarensa a liƙa a jikin tarago ba ne.

Daga nan na nemi izinin shiga loko, inda ake ajiye jiragen ana duba su. Izinin ya ɗauki kwana goma, kuma sai da takalmi mai ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli. Wannan yini ɗaya ya fi mini duk binciken da na yi a intanet amfani. Na tafi da tef na awo da kyamara da alli. Abu na farko da na lura da shi, ƙasan tagogi ba shafaffe ba ne, ƙarfen yana da tudu da kwari a jere kamar kwanon rufi, saboda haka duk siririn layi da ya faɗa cikin kwarin ya ɓata. Wurin da yake shafaffe tsakanin taga da ƙofa ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Ina cikin aunawa sai injiniyan da ke zagayawa da ni ya ce, "Malam, dakata ka gani." Ya danna maɓalli, ƙofar ta zame waje ta rufe rabin wurin da na auna. Wato a daidai lokacin da jirgi yake tsaye a tasha, fasinja yana kallonsa, ƙofa ce take rufe tambarin. Na ce, "Injiniya, to ina ya rage?" Ya nuna mini saman tagogi, wani ɗan fili mai tsayin santimita 30, da kuma goshin jirgin. Daga ranar na san tambarin dole ya zama mai faɗi, ba dogo ba, ko kuma ya kasance alama da suna za su iya rabuwa kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Ya ƙara mini da gargaɗi biyu. Kada a yi allon tambari mai wuta ja ko kore ko ruwan ɗorawa kusa da layin dogo, domin launukan danja ke nan, direba yana iya rikicewa da dare. Sannan duk abin da za a manna a jiki ko cikin tarago sai yana da takardar shaidar cewa ba ya saurin kamawa da wuta, shi EN 45545 ya ambata, ƙa'idar Turai da masu ƙera jiragen suka bi.

Na kwashe mako guda ina duba yadda wasu suka warware irin wannan matsala. Tambarin jiragen ƙasa na Birtaniya, kibiyoyi biyu a kan layi biyu, wanda Gerry Barney ya zana aka fara amfani da shi a 1965, har yau shi ne alamar tasha a can, ko da yake kamfanin da aka yi wa shi an sayar da shi tun shekarun 1990. Ba hoton jirgi a ciki, ba harafi ko ɗaya. Kibiyar sama tana kallon dama ne saboda jiragensu hannun hagu suke bi. Da aka sa shi a jiragen ruwan kamfanin, sai da aka juya shi a gefe ɗaya domin kibiyar sama ta riƙa kallon gaba. Wannan ya tuna mini abin da mai zane kan manta: jirgin cikin gari ba ya juyowa kamar mota, yana zuwa ƙarshen layi direba ya koma ɗaya kan, ya dawo. Tambarin da ke nuna hanya ɗaya, rabin rayuwarsa da baya zai riƙa tafiya. Na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, zobe da sanda a tsakiya, ya faro ne a 1908 a matsayin jan faifai a bayan sunan tasha, daga baya Edward Johnston ya mai da shi zobe, kuma amfaninsa shi ne sunan kowace tasha yana zama cikin sandar. Na Kanada, wanda Allan Fleming ya yi a 1960, haruffa biyu ne da layi ɗaya mai kauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Duk ukun yaro zai iya zana su a ƙasa da tsinke, kuma wannan ne ma'aunin da na ɗauka.

Zanen na fara shi da fensir, baƙi da fari kawai, ba launi. Na yi kusan sittin, na tace zuwa shida, sannan na shigar da su kwamfuta a matsayin bekta, wato zanen da ake iya faɗaɗawa ko ƙanƙancewa ba tare da ya dushe ba. Kowanne sai da ya ci jarrabawa huɗu. Ta farko, na buga shi a faɗin milimita 12 da irin firintar da za ta fitar da tikiti, mai ƙona takarda da zafi. Irin waɗannan ɗigo takwas suke yi a kowace milimita, ke nan tambarin gaba ɗaya ɗigo 96 ne, kuma duk layin da bai kai ɗigo biyu ba, wato rubu'in milimita, yankewa yake yi. Ba ta san ruwan toka ba, baƙi ne ko fari. Biyu daga cikin shidan a nan suka mutu. Ta biyu, na ƙanƙance shi zuwa fiksel 16 kamar yadda zai fito a saman shafin intanet. Ta uku, na buga shi babba na kafa a bakin filin ƙwallo, na ja baya taku ɗari. Ƙa'idar da masu allunan hanya suke bi a taƙaice ita ce santimita ɗaya na tsayin harafi ga kowace mita biyu da rabi, saboda haka sunan da ake so a karanta daga mita 50 sai ya kai santimita 20. Ta huɗu, na kai wa mai surfani na inji ya ɗinka a hula da aljihun riga, shi ne ya ce mini rubutun da bai kai milimita 5 ba zare ba ya iya fitar da shi. Haka kuma na juya kowanne ta madubi, na kifa shi, na nuna wa mutanen da ba su san aikin ba ina tambayarsu me suka gani. Ɗaya da nake ƙauna ƙwarai, layuka biyu da suka gitta juna, mutum uku suka ce alamar addini ce. Na jefar da shi ba tare da jayayya ba.

A wajen launi na yi kuskuren da ya ci mini mako biyu. Na zaɓi wani shuɗi mai haske daga kundin Pantone, kundin lambobin launi da masu zane da madaba'a suke amfani da shi, na gina komai a kansa. Da na kai wa masu fenti suka ce su da lambar RAL suke aiki, wato tsarin lambobin launin fenti, kuma kundin RAL na gargajiya launuka ɗari biyu da 'yan kai ne kawai, Pantone kuwa ya haura dubu biyu. Shuɗina ba shi da ɗan'uwa a can. Hanyar da ta dace ita ce a fara daga fenti, a zaɓi lambar RAL, sannan a nemo abin da ya fi kusa da ita a Pantone don madaba'a, da CMYK don bugu na yau da kullum, da RGB don allon waya, da lambar sitika ta kamfanin da za a saya. Na koma na ɗauki RAL 5010, shuɗi mai duhu, da fari. Ja na guje masa ne saboda dalili biyu, danja da kuma rana, domin a ƙasarmu ja ne yake fara koɗewa. Ja da kore a haɗe kuma akwai maza da yawa da idonsu ba ya rarrabe su. Farin fili mai yawa shi ma ba ya jure hunturu, kwana uku ya koma ruwan ƙasa, saboda haka a jikin tarago na juya abin, farar alama a kan shuɗin fili.

Haruffa ma sun zo da tasu rigimar. Sunayen tashoshi da gargaɗin da za a rubuta da Hausa suna buƙatar ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, kuma da yawa daga cikin salon haruffan da masu zane suke so ba su da su. In ka rubuta, kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salo, ya fito kamar baƙo a cikin kalma, ko ta bar akwati. Kafin ka so wani salo, rubuta Ƙofa da Ɗaki da Ɓangare ka gani. Noto Sans yana da su duka kuma lasisinsa kyauta ne. In na saye ne, a karanta lasisin da kyau, domin na kwamfuta ɗaya daban, na manhaja daban, kuma da sunan hukumar ya kamata a saya, ba da sunan mai zane ba.

Ranar gabatarwa na kai uku kawai. Ban nuna su a farin shafi ba, kowanne na ɗora shi a kan hotunan da na ɗauko a loko: goshin jirgi, saman taga, allon tasha, da tikitin gaske da aka buga, na raba wa kowa ya riƙe a hannu. Duk da haka sai da aka ce a haɗa alamar na ɗaya da launin na biyu, a ƙara tauraro. Shugaban kwamitin ya ce tambarin ya yi sauƙi da yawa, kamar ba a sha wahala ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba tikitin da ke hannu." Na riga na buga wani da tauraro da taswira a ciki, ya fito baƙin dunƙule kamar ƙuda ya mutu a takarda. Aka yi dariya, maganar ta wuce. Gaskiya zuciyata ta yi sanyi a ranar, amma takardar amincewa ba ta fito ba sai bayan mako biyar, saboda mai sa hannun ya yi tafiya. A wannan tsakani kada a taɓa komai. Amincewar baki a ɗakin taro ba ta hana wani ya farka gobe da sabon ra'ayi.

Gwaji a jikin tarago ɗaya shi ne matakin da aka so a tsallake don a rage kuɗi, na dage. Mai mannawar da aka kawo ya zo da sitikar allunan talla, mai kauri da arha. Cikin mako uku gefenta ya fara tashi a inda ƙarfe ya lanƙwasa, ta ja baya ta bar baƙin layin danƙo da ƙura ta manne a kai, goga ta wanki kuma ta ƙarasa ta. Wadda ta dace ita ce siririyar nan da ake lulluɓe motoci da ita, kaurinta wajen maikiron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, da wata fatar kariya a sama. Ana goge ƙarfen da sinadarin cire maiko, a manna a inuwa da safe kafin jiki ya ɗau zafi, a bi lanƙwasa da iska mai zafi, sannan a bar shi aƙalla kwana biyu ba wanki. A gwajin ne kuma na ga tsinin alamar yana fara ɓarewa kafin ko'ina, sai na koma na daddatse duk wani tsini ya zama da ɗan zagaye na milimita 3 a girman jikin jirgi. Ido ba ya gani, amma goga ba ta samun abin kamawa. Da dare ma mun kunna allon tashar gwaji, sai farar alamar ta kumbura saboda haske, ratar da ke tsakanin layukan ta kusa rufewa. Dole na yi wani bugu na musamman don allo mai wuta, layukansa sun ɗan fi siranta.

Rajistar tambari lauya ne ya bi ta, a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana fara da bincike ko akwai mai kama da shi, sai a shigar da buƙata a karɓi takardar shaidar shigarwa, sai takardar karɓa, sai a buga a mujallar ofishin a jira wata biyu ko wani zai yi ƙorafi, sannan satifiket. Rukunin sufuri shi ne na 39 a cikin rukunai 45, in kuma ana so a kare shi a kan riguna da huluna sai a ƙara na 25, kowane rukuni da kuɗinsa. Rajistar farko shekara bakwai take yi, sabuntawa kuma shekara goma sha huɗu. Mu mun yi binciken ne bayan an amince da zane, Allah Ya taimaka ba a sami mai kama ba. Da an samu, da wata huɗu sun tafi a banza. Wurin binciken shi ne lokacin da zane ya rage uku, kafin kwamiti ya ƙyalla ido a kan ɗaya.

Abin da na miƙa a ƙarshe ba tambari ɗaya ba ne. Fayiloli ne na bekta a nau'in fayil na AI da EPS da SVG da PDF, da hotunan PNG marasa bango, kowanne a siga huɗu: mai launi, baƙi zalla, fari a kan duhu, da na allo mai wuta. Duk haruffan da ke cikin tambarin na mai da su zane don kada su sauya a kwamfutar wani. Sai kundin ƙa'idoji mai shafi 36 da ke nuna lambobin launi, da mafi ƙanƙantar girma, da filin da za a bari a kewaye, wanda na auna da kaurin layin alamar sau biyu, da awon wurin mannawa a kowane irin tarago daga bakin ƙofa da saman taga da milimita. Shafin da aka fi buɗewa shi ne na abubuwan da aka hana: kada a miƙe shi, kada a sa masa inuwa, kada a ɗora shi a kan hoto. Na buga kwafi biyar masu bango mai ƙarfi, ɗaya na kai loko da hannuna, domin masu mannawa ba sa buɗe imel. Mallakar zanen kuma, a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, aikin da aka yi wa hukumar gwamnati a kan kwangila nata ne sai in an yi yarjejeniya akasin haka, shi ya sa na sa sharaɗin mallakar ba za ta koma hannunsu ba sai an biya kason ƙarshe, tare da izinin in nuna aikin cikin ayyukana.

Da zan sake, da loko zan fara zuwa tun kafin in yanka farashi, da kundin RAL a aljihu, kuma da na saka kuɗin gwaji a tarago ɗaya da na allo mai wuta a cikin kwangila a layinsu, maimakon in tsaya ina roƙo a tsakiyar aiki. Kason ƙarshe ya fito bayan wata biyu da miƙa komai, sai da injiniyan loko ya rubuta cewa sitikar ta sha wanki goma sha biyu ba inda ta ɗaga, aka haɗa takardarsa da baucan biya. A karɓi rasidin harajin da aka cire daga ofishin akanta a ranar, domin da shi ake rage harajin kamfani a ƙarshen shekara, kuma in fayil ya koma ma'ajiya nemo shi aiki ne.